Yadda Ake Sa Wa Mota Faffaɗar Taya Da Buɗa Mata Bodi Ba Tare Da An Yi Asara Ba

Musun nan dai ya ƙi ƙarewa a majalisarmu ta Agege. Duk daren Asabar in an idar da isha'i sai an tayar da shi, wasu su ce mota in ba ta buɗe ƙugu ta cika taya ba ai ba motar gudu ba ce, wasu su ce duk ƙarya ce, Bature da ya ƙera ta ya fi ka sanin abin da ya dace da ita. Ni kuma da yake na taɓa yi wa tawa BMW E90 aikin har sau biyu, na farko na sha kashi na biyu ya yi kyau, kullum sai an kira ni, wai Malam wace taya zan sa, rim nawa zai shiga, in yanka fenda ko in bari. Na gaji da maimaitawa, ga shi nan daki-daki. Abu ɗaya kawai nake so ka riƙe tun daga nan, awo ake fara yi kafin a je kasuwa, kuma bodi shi ne na ƙarshe ba na farko ba. Yawancin waɗanda suka ƙone kuɗinsu juya wannan tsarin suka yi.

1. Kayan aiki

Tef na awo mai milimita, doguwar rula ta ƙarfe ko wani miƙaƙƙen katako, jek mai kyau da abin tokare mota, sifanar taya, gejin iska naka na kanka, tocila, kalkuletar wayarka, sai takarda da biro. In za ka samu aron sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda makanikai ke kira tok renc, to ka nemo, za ta yi amfani a ƙarshe.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin mota jek kaɗai na riƙe da ita, ko da leƙawa ce ta minti ɗaya.

2. Karanta abin da ke jikin motar

Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke nuna lambar tayar da kamfani ya yarda da ita da yawan iskar da za a ba ta. Ita za ka kwafa, ba lambar tayar da ke ƙafar motar yanzu ba, domin motar tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ko wadda ta zaga hannu uku a Legas Allah kaɗai ya san abin da aka liƙa mata.

A ce ka ga 225/45 R17 91W. 225 faɗin tayar ne a milimita. 45 na nufin tsayin gefen tayar kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin. 17 girman rim ne a inci. 91 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, wato kilo 615, in da 94 ce kilo 670. W kuma iyakar gudunta, kilomita 270 a awa, V 240, Y 300. Dokar a nan mai sauƙi ce, lambar nauyi da harafin gudu na sabuwar taya kada su gaza na asali, su fi dai ba laifi.

Sai ka kwance ƙafa ɗaya ka duba bayan rim ɗin, za ka ga an buga wani abu kamar 8Jx17 ET34. 8 faɗin rim a inci, ET kuma shi ne ofset, za mu zo kansa don shi ne uban tafiyar.

3. Lissafin tsayin taya

Nan ne mutane ke gudu saboda lissafi, alhali bai kai lissafin canjin dala wuya ba. Ɗauki 225/45 R17 ɗin nan. 225 sau 0.45 ya ba ka 101, tsayin gefe ɗaya ke nan. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, 202. Rim inci 17 sau 25.4 ya ba ka 432. Haɗa su, tsayin ƙafar gaba ɗaya milimita 634.

To duk tayar da za ka sa, kada tsayinta ya kauce wa wannan da fiye da kashi 3 cikin ɗari, ni ma na fi son ya tsaya ƙasa da 2. Ga misali in za ka hau rim 18: 225/40 R18 tana ba da 637, daidai. 255/35 R18 tana ba da 636, ita ma daidai, shi ya sa BMW da kanta take haɗa su, ta farko a gaba ta biyu a baya. 235/40 R18 tana ba da 645, ta wuce da kusan kashi 2, za a iya zama da ita. Amma 245/40 R18 ta kai 653, tana bakin iyaka, agogon gudunka zai nuna 100 alhali kana kan 103, kuma ita ce ke fara gugar fenda in an cika mota.

Gargaɗi ga masu motar da ke ja da ƙafa huɗu, xDrive ko 4Matic ko Quattro: tsayin tayar gaba da ta baya dole su zo kusan ɗaya, bambancin kada ya wuce kashi 1. In ba haka ba akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne zai riƙa cin wuya shiru-shiru har ya mutu, kuma kuɗinsa ya fi na tayoyin duka.

Bari in faɗi ra'ayina a nan tunda titin Legas muke hawa ba na Jamus ba. Gefen taya shi ne katifarka. Karon farko da na yi aikin nan rim 19 na sa da taya mai lamba 30, gefenta bai fi milimita 70 da 'yan kai ba, mota ta yi kyau kamar a hoto wallahi har tsayawa ake ana kallo. Sati na biyar aka yi ruwan nan na Yuni, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe a hanyar gida, taya ta yi ƙulu a gefe rim ya tsage, kafin damina ta fita na sake rasa wata. Tun daga nan na sa wa kaina ƙa'ida, gefen taya in bai kai milimita 90 ko kusa da haka ba ba na sa shi a motar da zan fita da ita kullum. In motar ranar Lahadi ce da za ka zaga Ikoyi da Victoria Island ka dawo ka rufe, wannan kai ka sani.

4. Ramukan noti da ramin tsakiya

Rim ba ya shiga don ya yi maka kyau a ido. Akwai PCD, wato yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suke kai. Toyota da Lexus da Honda da Nissan manya da Mustang yawanci 5x114.3 ne. Mercedes 5x112. BMW na da irin su E46, E90 da F30 5x120, sababbin kamar G20 sun koma 5x112. Camaro 5x120. Charger da Challenger 5x115. Toyota 86 kuwa 5x100.

Gargaɗi: 5x114.3 da 5x115 bambancinsu bai kai milimita ɗaya ba, rim ɗin zai shiga, mai shago zai ce maka oga ka gani ai ya zauna. Bai zauna ba. Notin na ɗaurewa a karkace, kana hawa gadar Third Mainland ka taka sai sitiyari ya fara rawa, kuma a hankali ƙarfen da notin ke kamawa yana gajiya.

Ramin tsakiya ma haka. Na Toyota da Lexus 60.1, Honda 64.1, Nissan 66.1, Mercedes 66.6, BMW na da 72.6. In ramin rim ya fi na motar girma sai a sa zobe ya cike gurbin, abu ne mai araha amma rashinsa ke kawo karkarwar da balansin goma ba zai magance ba. In ramin ya yi ƙanƙanta kuwa ka bar rim ɗin kawai. Ka kuma duba mazaunin noti, wani mai tsini ne kamar mazurari, wani zagaye kamar na Mercedes da Honda, wani shafaffe mai wosha kamar na Toyota. Notin tsohon rim ba lallai ya dace da sabo ba.

5. Ofset da awon wuri

Ofset shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke manne da mota. Lamba babba, rim ya shige ciki. Lamba ƙarama, rim ya fito waje. Shi ke nan.

Ajiye mota a wuri mai daidai, ƙafafu a miƙe. Jingina rula a bakin fenda ta sauko tsaye, auna daga rular zuwa gefen taya, wannan shi ne filin da kake da shi ta waje. Sai ka leƙa da tocila ta ciki ka auna tsakanin taya da shokozoba, filin ciki ke nan. Rubuta na kowace ƙafa daban, motar da ta taɓa yin hatsari hagu da dama ba sa zuwa ɗaya.

Yanzu a ce kana da 8J ET35 kana son 9J ET30. An ƙara inci ɗaya, milimita 25.4, rabi zai tafi waje rabi ciki, kusan 13 kowane gefe. Ofset ya ragu da 5, wato duka rim ɗin ya matso waje da 5. Ta waje ke nan ya fito da kusan 18, ta ciki ya matsa kusa da shokozoba da kusan 8. In filin wajenka 20 ne na ciki 15, ka tsira da kyar. In filin waje 10 ne to ka san ko dai ka canza ofset ko ka shirya taɓa fenda. Ka bar aƙalla milimita 5 tsakanin taya da shokozoba, taya na motsi in an sha kwana.

Shi ma rim da taya sai sun dace: inci 8 na ɗaukar 225 zuwa 245, inci 9 na son 245 zuwa 265, inci 9.5 na son 255 zuwa 275, inci 11 shi ne gidan 295 da 305. Yayin nan na ɗame siririyar taya a kan faffaɗan rim don gefenta ya kwanta, a titinmu neman magana ne, bakin rim na tsirara, gefen kwalbati ɗaya ya ishe shi.

6. Gaba da baya: iri ɗaya ko a bambanta

Wannan ne asalin abin da ake musu a kai. Motar da ke ja da baya mai ƙarfin inji, faffaɗar taya a baya na taimaka mata ta kama ƙasa in an taka. Amma in bayan ya fi gaban faɗi da yawa, a kwana sai gaban ya riƙa zamewa waje kana juya sitiyari tana miƙewa, kuma ba za ka iya musanya tayoyin gaba da baya don su cinye tare ba. Motar da ke ja da gaba kuwa, irin Accord da Camry da samari ke gyarawa, faffaɗar taya a baya ado ne zalla, ba ta ƙara komai sai shan mai.

Kuma masu cewa faɗi shi ne riƙo, a busasshen titi suna da gaskiya. A ruwa fa? Faffaɗar taya ruwan da za ta kora ya fi yawa, in zanen ya fara cinyewa ita ce ke fara hawa kan ruwa kamar kwalekwale, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Wanda ya bi hanyar Lekki zuwa Ajah da damina ya san abin da nake faɗa. Ga ta da bin sawun da tirela ta tona a kwalta, mota ta riƙa jan ka hagu da dama. Ni a ganina ƙarin milimita 10 zuwa 20 a kan na asali ya ishi mota da ba a taɓa injinta ba.

7. Sayayya

Sai yanzu za ka je kasuwa, da takardarka a aljihu. Ladipo, Owode Onirin ko ASPAMDA a Trade Fair, duk akwai kaya, ka tafi da makaniken da ka yarda da shi. Rim na hannu, kafin ka biya a ɗora shi a injin balansin ba taya a juya ka gani ko yana layi, ka shafa cikinsa ko akwai walda, sabon fenti a ciki alama ce ta ana ɓoye wani abu. Rim mai walda ba na saya ko kyauta ne. In da hali a gwada ɗaya a ƙafar gaba a tabbatar bai taɓa birki ba.

Taya kuma ka nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekara, 2322 na nufin sati na 23 a 2022. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke lissafawa daga ranar ƙira, don haka taya da ta shekara biyu a sito ko sabuwa ce ta riga ta ci rabin ranta a wurinsu. In ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, zafin kwaltar nan zai cinye ta da wuri. Inda aka rubuta Temperature ka nemi A. Tayar tokumbo a motar da za ka taka da gaske, ni dai ban ba ka shawara ba, in ya zama dole a cire ta daga rim ka duba ciki ko an yi faci a gefe.

Batun kuɗi, farashi na bin dala don haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya. Abin da ke kayar da mutane shi ne rim kawai suke lissafawa. Ka rubuta duka: rim huɗu, taya huɗu, noti, zobe, bawul sababbi, kuɗin ɗaurawa, balansin, alaimen, in motar na da na'urar gane iskar taya ita ma a mayar da ita. Sannan ka ware kuɗin taya ɗaya a gefe don ranar rami. Kuma kafin ka zaɓi lamba ka tambaya ko ana samunta a saukake, lamba irin 305 in ta fashe maka a hanyar Ibadan ba mai facin da zai fito maka da ita, kuma guda ɗaya na iya cin kuɗin 225 biyu.

8. Sifesa

In abin da kake so kawai ƙafa ta fito ta yi daidai da fenda, sifesa, wato farantin ƙarfe da ake sawa tsakanin rim da mota don ya turo ƙafa waje, ta fi sabon rim araha. Sharaɗi, ta zama mai leɓe a tsakiya da rim zai hau, ba shafaffen faranti mai ramuka goma ba. BMW da Mercedes da ke ɗaurewa da bol, in ka sa ta milimita 15 sai bol ɗin ya ƙaru da 15. Ƙirga zagayen da noti ke yi kafin ya kama, mai zare 12x1.5, wato kauri milimita 12 tazarar zare 1.5, ya yi kamar zagaye takwas. Sifesa mai kauri sosai tana ƙara wa boris lodi, kada ka yi mamaki in ya fara kuka kafin lokacinsa.

9. Gwaji kafin a taɓa bodi

A ɗaura, a sauke mota. Juya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, gaba da ribas, kana saurare. Sai ka ɗebi ƙarti uku su zauna a baya, ka manna farin tef a cikin bakin fenda, ka hau tudun rage gudu a karkace a hankali. Sauko ka duba tef, inda ya yi baƙi nan take guga. Wani lokacin ma robar cikin fenda ce kawai, a ɗan gasa ta a tura.

10. Naɗe bakin fenda, ko yanka

In gugar kaɗan ce, naɗe leɓen cikin fenda ya isa, yana ba ka 'yan milimita. A fara wanke laka, a ɗumama fentin da na'urar iska mai zafi, a bi da abin naɗewa a hankali. Mai gyaran bodi da ya ɗauko guduma ko ya cusa bututu tsakanin taya da fenda, ka ce masa ya dakata, fenti zai tsage.

Buɗa bodi gaba ɗaya wani babi ne. Mutane na ganin Challenger Widebody ƙirar 2018 da Dodge ta fitar, wadda aka ƙara wa faɗin inci 3.5 ta tashi daga taya 275 zuwa 305 a rim inci 11, sai su ce ai roba ce kawai aka liƙa. Can kamfani ne ya auna komai tare. Kai a nan kit za ka saya, wato ƙarin fenda da ake ɗaurawa a jikin mota, na asali irin Rocket Bunny da Liberty Walk na Japan tsada gare su, abin da ya fi yawo kwafi ne na faiba da sai an sha gyara kafin ya zauna. Tsarin shi ne: a jera kit ɗin da tef a gani, a zana layi, a yanka ƙarfen ƙasa da inda za a huda, sannan a ɗaure. Fendar baya ƙarfe biyu ne ciki da waje, in an yanka dole a haɗe su da walda a shafe da abin hana ruwa da fentin hana tsatsa, har ramukan da aka huda. Wanda ya tsallake wannan a garin da iskarsa ke ɗauke da gishirin teku, damina biyu tsatsa za ta fito masa ta ƙarƙashin fenti, ruwa kuma ya riƙa taruwa a but.

Gargaɗi: yanka ba ya komawa. Ranar da za ka sayar, dillalai a Berger kallon mai hatsari za su yi mata. Ka kuma auna ƙofar gidanku da lungunku, faɗin da ka ƙara shi danfo da Keke za su fara gaisawa da shi a goslo. Kuma in ka buɗa bodi ka bar tsohon rim ya shige ciki kamar kunkuru, gara ma ba ka fara ba, don haka rim mai ƙaramin ofset na cikin kasafin tun farko.

11. Ɗauri, iska da alaimen

A fara ɗaura noti da hannu, a bi su a tsallake kamar tauraro, a ƙarasa da tok renc. E90 na son ƙarfin ɗauri 120 Nm, Toyota yawanci 103, Honda 108, duba littafin motarka. Kada ka bari yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle. Taya mai kibiya ta kalli gaba, mai rubutun Outside ya kasance a waje.

Iska ka bi takardar jikin ƙofa, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, da gejinka, don masu faci da yawa in ba ka yi magana ba 45 ko 50 za su ɗura maka su ce lo frofayil ce, wato mai gajeren gefe. Daga nan kai tsaye wurin alaimen na kwamfuta, ƙafa huɗu ba biyu ba, faffaɗar taya in saiti ya kauce cikinta ke cinyewa kai kana ganin waje lafiya lau. Bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake bin notin duka, ka leƙa cikin fenda da tocila ko akwai sabon wurin da ya yi sheƙi, ka kuma shafa gefen tayar ta ciki ko shokozoba ya fara taɓa ta.